Cikin Safi da Ayarin Gishiri

Tun rana ba ta ɗaga ba Safi take tsaye a bakin turmi, har inuwar rumbu ta janye ta bar ta a fili. Duk sa'ad da ta sauke taɓarya sai ta ji dukan a tsakiyar kanta maimakon cikin turmin. Ƙafafunta sun kumbura, yatsun sun manne da juna, munduwar hannunta ta nutse cikin nama har ba ta juyawa. Cikin fari ne gare ta, ya shiga wata na takwas. Bisa al'ada, tun watan jiya ya kamata a ce tana ɗakin uwarta a Hawandawaki tana goyon ciki, ba ta da aikin da ya wuce tsince wake a inuwa.

Ba a kai ta ba, don gidan da take aure a Korgom gidan fatoma ne. A wancan zamani, tun Turawa ba su shigo ƙasar Tasawa ba, kowace kaka ayarin Azbinawa na saukowa da gishiri a kan raƙuma, su yi zango a bayan gari, su yi musaya da hatsi. Mai Nasara, wan mijinta kuma babban gandu, shi ke saukar da su, ya ciyar da su, ya haɗa su da masu saye. A bana ya yi wa madugu alkawarin hatsi sussukakke, da fura safe da yamma. Matarsa ɗiyar mai gari ce, ta tafi ganin gida tun kafin girbi, ba kuwa wanda ya isa ya aika ta dawo. Baiwar da ke taya daka ya sayar da ita bara ya sayi doki. Saura Safi, sai uwar mijinta Zara'u, wadda aikinta zama a kan kujera tana nuna abin da ba a yi ba.

Safi ta jingina taɓarya ta dafa goshi. Wasu ƙyalle-ƙyalle ke yawo a gaban idonta kamar tartsatsin maƙera.

"Mi kike jira?" in ji Zara'u.

"Inna, kaina ne."

"Kai kowa na da shi. Da hannu ake daka."

Daga nan Zara'u ta ɗauko karatun da ta saba. Ta ce ita duk ƴaƴanta a gindin turmi naƙudarsu ta kama ta, ba ta taɓa kwanciya da rana ba. Ta ce kumburin ƙafa alamar ɗa namiji ce, sai mai rabo ke samu. Ta ce uwar Safi ce ta lalata ta da tarairaya, ta aiko musu da ita kamar ɗanyen ƙwai. Mai cikin fari ba ta maganar cikinta a gaban surukai, ko kallonsa ba ta yi in da mutane. Safi ta sake ɗaukar taɓarya.

Bayan azahar Tanna ta shigo da cuku a cikin ƙwarya, tana son musaya da dusa. Tsohuwar Buzuwa ce, iyayenta sun daɗe da zama a gefen gari da awakinsu, kuma ita ake kira in haihuwa ta yi gardama a wannan shiyya. Ta gaisa da Zara'u, amma idonta na kan Safi. Ta ajiye ƙwaryar, ta je ta ɗaga haɓar yarinyar ta duba fatar idonta da ta yi suntum. Ta durƙusa ta danna mata ƙwauri da babban yatsa. Da ta ɗauke, wurin ya tsaya a loɓe kamar ƙullin fura. Ta tambaye ta a hankali ko kanta na sara, ko tana ganin wuta-wuta, ko fitsarinta ya ragu. Safi ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi ga kowace tambaya.

"Zara'u, yarinyar ga ba ta da lahiya," in ji Tanna. "Kumburin da ya tsaya ga ƙahwa daban, wanda ya hau huska daban. Na ga irin wanga. Haka suke hwarawa, sannan wata rana su hwaɗi suna taune harshe."

Ta ce a raba ta da taɓarya da tulu, a bar ta ta kwanta a inuwa a kan gefenta. A rage mata gishiri, kar a ba ta kanwa, kuma kar a bar ta ita kaɗai ko da za ta kewaya. Abin da ya fi, a ɗora ta a jaki tun tana iya zama a kai ta wurin uwarta.

Zara'u ta yi wata dariya marar daɗi.

"A gidan gishiri za ki ce kar a ci gishiri? Ke da ko rumbu ba ki da shi, ke za ki koya mini riƙon suruka? Ɗauki cukunki ki hita. Dusarmu ta doki ce."

Tanna ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce ita dai ta faɗa, Allah kuma ya ji. Zara'u ta tofar da yawu a inda ta tsaya.

Da yamma Zara'u ta tashi da kanta, abin da ba ta saba ba, ta dama kunun kanwa mai kauri. Ta ce shi ke wanke ciki ya sauke kumburi, ba surutun Buzaye ba. Ta tsaya a kan Safi har sai da ta ga gindin ƙwaryar.

Bayan magariba Mamudu, mijin Safi, ya dawo daga ɗaukar dammuna, ƙaiƙayi duk a wuyansa. Safi ta kai masa ruwa, ta durƙusa da ƙyar, ta juya masa gefe don kunya. Ta ce masa tana jin tsoro. Ta ce tana son ya kai ta gida.

Mamudu ba mugu ba ne. Ya kama hannunta ya juya shi, ya ga yadda yatsun suka zama kamar rogo. Sannan ya fara lissafa mata dalilai. Yaya ya yi masa alkawarin jaki biyu in ayari ya tashi, ya fara fataucin kansa zuwa Katsina. In ya ta da maganar tafiyarta yanzu, Yaya zai ce mace ta mallake shi, alkawarin kuma ya bi ruwa. Inna ta haihu ta san komai, ba za ta cuce ta ba.

"Ki daure," ya ce. "Ayari ba shi daɗewa."

"In ya daɗe hwa?"

Ya sha ruwan, ya miƙa mata ƙwaryar, ya fita zaure wurin maza.

Da ayarin ya iso, bayan gari ya cika da kukan raƙuma da warin kashinsu. Aka jibge kantun gishiri a jikin dangar gidan, an naɗe kowanne da tabarma. Aiki ya ninku. Safi ke sussuka, ita ke surfe, ita ke ribɗi, ita ke dafa ƙullin fura ta kirɓa ta cura. In ruwa ya ƙare ta ɗauki tulu zuwa rijiya, rijiyar kuwa mai zurfi ce, sai an ja guga har hannu ya mutu. Mata a can suna kallon fuskarta suna raɗa. Wata ta karɓi igiyar ta ja mata, wata ta ce ta je ta gaya wa mijinta, amma ba wadda za ta shiga gidan surukin mai gari ta faɗi magana.

Daga bayan danga tana jin madugu na yabon furar, yana cewa bai sha irinta ba tun da ya baro Agadas, lalle gidan Mai Nasara akwai mata. Tana jin Mai Nasara na dariya yana cewa ai haka gidan yake tun na ubansu. A lokacin tana tsugune a bayan rumbu tana amai, wani ciwo na cinta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama kamar an soka mata tsinke. Zara'u ta leƙo ta ce ta rufe aman da ƙasa kafin kaji su ci, ta dawo ga tukunya.

Ana cikin haka Hamidu, wan Safi, ya iso daga Hawandawaki da jaki, an shimfiɗa masa tsumma mai taushi a gadon baya. Uwarsu ce ta turo shi, don ta gaji da aike ba amsa. Mai Nasara ya tarbe shi a zaure, ya sa aka kawo masa fura, ya yi ta jan gaisuwa: gida, gona, dabbobi, tsofaffi. Da Hamidu ya faɗi abin da ya kawo shi, fuskar Mai Nasara ta canza.

Ya ce hanya ba lafiya, an ga mahayan Damagaram suna kewaya ƙauyuka, ba zai saki mace mai ciki a daji ba. Hamidu ya ce yanzu ya biyo hanyar, bai gamu da kowa ba sai masu itace. Mai Nasara ya ce to jijjigar jaki ba ta dace da tsohon ciki ba. Hamidu ya ce zai ja shi a hankali, su riƙa hutawa. Mai Nasara ya ajiye ludayin furarsa.

"Yaro, mu munka aure ta ko ku? In baƙina sun tashi za a kawo ta. Ba a shigo mini gida a yi mini gaggawa."

Hamidu ya roƙi a bar shi ya ga ƙanwarsa. Aka kira ta. Ta fito ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki, ta ja zane ta rufe rabin fuska, Zara'u na tsaye a bayanta har numfashinta na taɓa mata ƙeya. Hamidu ya tambaye ta jiki. Ta buɗe baki, sai ta ji yatsun tsohuwar sun matse mata damtse.

"Lahiya lau, Yaya," ta ce.

Ya dubi ƙafafunta, ya dubi Mai Nasara. Ya ce zai koma ya dawo da manya. Mai Nasara ya ce ya dawo da duk garin in yana so. Hamidu bai shanye furar ba ya tashi.

Safi ta ji takun jakin yana nisa. Ta ɗauki tulu kamar za ta rijiya, ta fita ta ƙofar baya. Da ta wuce raƙuman ta ajiye tulun a cikin kara ta kama hanyar kudu. Ba ta iya sauri, yashi na riƙe mata ƙafa. Ta hangi Hamidu can nesa kamar ɗigo, ta kira shi, muryar ba ta kai ko tsakiyar gonar da ke gabanta ba. Ta ƙara kira. Sai hanyar ta rabu biyu a idonta, sannan ta yi duhu daga gefe-gefe. Ta lallaba ta zauna a gindin wata aduwa ta rufe ido, tana jin bugun jini a kunnuwanta.

A nan Mamudu ya same ta, Zara'u ce ta turo shi da ta ga ruwa bai zo ba. Ya tsaya a kanta yana huci. Ta ɗaga kai ta ce masa ba ta ganinsa sosai, ta roƙe shi don Allah ya bi Hamidu ya tsai da shi, bai yi nisa ba. Mamudu ya kalli hanyar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce ta tashi, ta ja masa abin kunya a gaban baƙi. Ya ɗaga ta, ya riƙe ta har gida, ya koma ya ɗauko tulun.

Zara'u ba ta yi faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa ciwo. Ta ce alhamdu lillahi, yau gaskiya ta fito. Wadda ke da ƙarfin gudu har bayan gari ba ta rasa ƙarfin daka. Ta ƙara mata dami a kan na ranar, ta kuma hana ta zuwa rijiya ita kaɗai, sai ta bi ta a baya tana dogara sanda.

Ranar kasuwa ce abin ya faru, rana na tsaka. Mai Nasara na bayan danga da madugu da wasu fatake daga kudu, ana ta ciniki. Safi na sheƙa, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta tana zubo hatsi iska na kwashe ƙaiƙayi. Sai ƙwaryar ta suɓuce. Bakinta ya karkace, idanunta suka juye, ta faɗi a kan tarin hatsin, jikinta ya sandare, sannan ya kama jijjiga. Ta taune harshe, jini da kumfa suka gangaro kan tsabar da take gyarawa tun safe.

Abin da Zara'u ta fara yi shi ne ta ja ta daga kan hatsin. Sannan ta kira Mai Nasara a hankali ta kafar danga. Ya shigo, ya duba, ya ce kar wanda ya yi kuka, baƙi na ji. Shi da Mamudu suka ɗauke ta suka kai ta ɗakin da ke can ƙuryar gida, inda ake ajiye tsofaffin tukwane. Mai Nasara ya wanke hannu ya koma wurin ciniki. Da madugu ya tambayi abin da ya faru, ya ce mata ne da ƙananan rigingimunsu.

Zara'u ta ce iska ce ta buge ta, a gindin aduwar nan ta kwaso ta, ga sakamakon yawo. Ta zuba garwashi a kasko, ta watsa barkono da tsumma, ta saki asabarin ƙofa don hayaƙin ya kori abin da ya shiga jikinta. Safi na kwance rigingine tana wani irin minshari, ba ta san inda take ba. Jijjigar ta lafa, ta dawo, ta sake lafawa, ta sake dawowa da ƙarfi.

Mamudu na tsaye a waje yana jin dukan ƙafafunta a jikin tukwanen. Wannan karon bai nemi izinin kowa ba, ya ruga gefen gari wurin Tanna. Tanna ta zo tana haki, ba ta yi sallama ba. Ta yaye asabarin, ta yi ƙwallo da kaskon zuwa tsakar gida, ta juya Safi kan gefenta, ta share mata baki don kar ta shaƙe. Zara'u ta fara magana, Tanna ta ce mata in ba za ta riƙe ƙafa ba to ta fita. Ta fita.

Naƙuda ta zo mata tana cikin wannan hali. Tanna ta zauna da ita har gari ya waye, ba ta da abin da za ta ba ta sai ruwa a tsumma da addu'a. Da hantsi aka haifi ɗan. Namiji ne, ɗan mitsitsi, bai yi kuka ba kuma bai motsa ba. Mamudu ya naɗe shi a ƙyalle ya kai shi bayan gida ya binne, shi da liman kaɗai. Mai Nasara bai je ba, ana ɗaure kaya a kan raƙuma, dole ya tsaya a kan awo. Furar ranar maƙwabta aka roƙa suka dama.

Bayan haihuwar jijjigar ta tsaya, amma Safi ba ta farfaɗo ba sai da ayarin ya tashi, bayan gari ya koma fili sai kashin raƙuma da tokar murhu. Da ta buɗe ido ta lalubi cikinta da hannun hagu, don na dama ya ƙi tashi. Ƙafar dama ma haka. Bakinta ya ja gefe guda, harshenta ya yi nauyi. Ta dubi Tanna, Tanna ta girgiza kai. Safi ta juya fuska ga bango. Hawayen ma ta ido ɗaya suka fito sosai.

Kowa a gidan ya samo abin faɗa wa masu zuwa jaje. Zara'u ta ce ciwon iska ne, a danginsu yake, an ɓoye musu ne lokacin neman aure. Ta ce ita kam ta yi iya ƙoƙarinta, har kunu take dama mata da hannunta, a tambayi kowa. Mai Nasara ya ce ƙaddara ce, wanda ya ce wani abu ya ja da ikon Allah. Mamudu ya ce shi ƙane ne, ba shi da ta cewa a gandu. Matar Mai Nasara ta dawo daga ganin gida, ta leƙa ɗakin sau ɗaya, ta toshe hanci ta ce ba za ta iya jinyar mai kashi a kwance ba. A ranar Mai Nasara ya aika Hawandawaki a zo a ɗauke ta.

Ɗan aiken ya gamu da su a hanya, Hamidu da dattawa biyu da A'i, uwar Safi, wadda ta ƙi hawa jaki ta taho da ƙafa. A'i ba ta tsaya a zaure ba, ta wuce kai tsaye har ƙuryar gida. Ta daɗe a ciki. Ta wanke ɗiyarta, ta sauya mata zane, ta tsefe mata kai. Sannan ta fito ta tsaya a tsakar gida a gaban Zara'u, ba ta durƙusa ba, ba ta gaishe ta ba.

Zara'u ta fara cewa sai haƙuri, haka Allah ya so.

"Kar ki sa sunan Allah cikin wanga aiki," in ji A'i, ba ta ɗaga murya ba. "Allah ya ba ta ciwo, na yarda. Shi ya ba ta taɓarya? Shi ya kori ɗana da jaki? An hwaɗa muku, Tanna ta hwaɗa muku a gaban turmin nan. Na ba ku ɗiya da ƙahwa biyu da hannu biyu. Ku dube ta."

Mai Nasara ya shigo ya ce ba a yi wa uwarsa tsawa a gidanta. A'i ta juyo ta dube shi tun daga rawani har takalmi, ta tambaye shi ko cinikin ya yi kyau. Ya ce wannan ba maganar mata ba ce. Ta ce ta sani, aikin ne kawai na mata. Dattawan suka shiga tsakani suna ba da haƙuri, suna cewa zumunci ya fi komai, kar a ɓata shi. Ba wanda ya ce a kai ƙara, don alƙalin garin tare yake cin tuwo da mai gari.

Hamidu ya ɗauko Safi kamar ƙaramar yarinya ya ɗora ta a jaki, A'i ta riƙe ta ta gefen da ya mutu. Mamudu ya biyo su har bakin gari, yana tafe a gefe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. A nan ya matso ya ce wa Safi ta yafe masa, bai san abin zai kai haka ba. Safi ta juyo da fuskarta da ƙyar. Ta yi ta kokawa da harshenta kafin maganar ta fito, kuma sai da ya sunkuyo sannan ya ji.

"Na... gaya... maka."

Hamidu ya ja akala. Mamudu ya tsaya a wurin har suka shige cikin karan gonaki. Kafin watan ya mutu saƙon saki ya bi ta, da bakin Mai Nasara aka aiko shi.

Safi ta rayu. Ta koyi jan ƙafa da sanda, ta koyi cin tuwo da hagu, maganarta ta ɗan sake amma ba ta koma daidai ba. Ba ta ƙara aure ba, ba ta ƙara haihuwa ba. A ɗakin uwarta ta zauna, bayan uwar ta rasu ta koma hannun matar Hamidu. A Korgom kuwa labarin da ya zauna shi ne na Zara'u, cewa iska ta bugi wata yarinya a gindin aduwa. Mata suka riƙa kauce wa bishiyar, ba wanda ya kauce wa gidan.

Yau wannan ciwo yana da suna, ana ce masa hawan jinin masu ciki, akwai abin awonsa, akwai maganinsa. A zamanin Safi babu ko ɗaya, kuma ba wanda zai rantse cewa da an kai ta gida da ta tsira da ɗanta. Amma mutanen gidan nan ba rashin suna ya hana su ba. Sun ga fuskar, sun ga ƙafar, sun ji ta ce kanta na sara, an kuma gaya musu abin da ke tafe da bakin wadda ta sani. Abin da aka nema wurinsu tabarma ce da inuwa, da hannun da zai karɓi taɓarya. Kowannensu ya auna ta da abin da yake so, doki ko jaki ko yabon baƙo, ya ga ba ta kai ba. Kuma ba wanda ya rasa barci a cikinsu, don kowa ya sami wanda zai jingina wa laifin, wanda ya rasa mutum ya jingina wa Allah.

Da daminar da ta biyo bayan tafiyar Safi ta kusa ƙarewa, hatsi ya fara nuna, aka fara zancen saukowar ayari, Zara'u ta ce bai kamata Mamudu ya zauna gwauro ba. Aka yi mata kwatancen wata bazawara a Urafane. Ta shirya da kanta ta je gani. Uwar matar ta shimfiɗa mata tabarma, ta fara ba ta labarin asalinsu da halin ɗiyarta da yadda take riƙe salla. Zara'u ta ɗaga hannu ta tsai da ita.

"Duk na ji," ta ce. "Kira ta ta yi surfe in gani."